Ɗakin Mutum Biyu a Bakin Teku

Zuwa ga Baban Kyaftin,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan ka taso aiki lafiya. Ya gajiya, ya zafin tanda? Ya ƙafar nan taka mai kumbura in ka daɗe a tsaye? Na ga maganin shafawar yana nan inda na ajiye maka, ko murfinsa ba a buɗe ba. Kai ka sani.

Na san za ka yi mamakin mace ta rubuta wa mijinta wasiƙa alhali gado ɗaya suke kwanciya, shi da rana ita da dare. To ya zan yi? Kana shigowa da safe ina ɗaukar jaka zan tafi makaranta, ina dawowa da yamma kana saka takalmi za ka gidan biredi. Da can muna da abin faɗa a bakin ƙofa: ya ci abinci ko bai ci ba, ya sha magani, yau ya yi dariya. Tun da Allah ya karɓi ɗanmu, ko wannan ɗin babu. Jiya na tare ka da niyyar magana, na buɗe baki sai na ji ina tambayarka ko masu shara sun zo. Daren hutunka na mako kuwa ka bar wa abokin aikinka, ka zaci ban sani ba.

Ga maganar. Ƙanena mai aiki a kamfanin jiragen ruwa ya zo ranar Asabar kana barci, ya hana in tashe ka. Ya ce ya shirya mana tafiya hutu wani tsibiri, mako guda, ni da kai. Jirgin sama, daga nan ƙaramin jirgin ruwa, sai ɗaki na mutum biyu a bakin teku. Ya ce ya gama komai, in muka yi masa maganar biya ya fita harkarmu. Makon hutun makaranta ya kama mana. Ya nuna mini hotuna a wayarsa, yashi fari tas, bishiyoyin kwakwa sun sunkuya kan ruwa, ruwan kuma shuɗi har ka ce rini aka zuba.

Da farko na ce a'a, har na yi masa faɗa. Bayan ya tafi sai na zauna a falo na tuna yadda yaron nan yake dukan hannun kekensa na guragu in jirgin ruwa ya bayyana a talabijin, yana ihun nan nasa har maƙwabta su ji. Kai ne ka raɗa masa Kyaftin saboda haka, har sunan yanka ya ɓata. Shekara goma sha bakwai bai taka ƙasa ba, bai ce Mama ba, amma teku kam ya san ta. Sai na ji ina son in gan ta da idona.

Amma ba don shi kaɗai ba ne, gaskiya zan faɗa maka. Tsoro nake ji. Ina tsoron shi ne kaɗai ya riƙe mu, yanzu da ba ya nan mun zama 'yan haya biyu masu karɓa-karɓar ɗaki. Ina son in zauna da kai wuri ɗaya, ba mai sauri, ba mai jin barci, in ga ko da sauran aure tsakaninmu.

Don Allah ka je wurin shugabanku ka nemi hutu. Abin da ya rage ke nan, sauran ka bar mini. Abincinka yana cikin kula, ka ci tun da zafinsa.

Ka huta lafiya.
Matarka,
Malama

Zuwa ga Baban Kyaftin,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka, ina yi maka sannu da aiki. Ya jikin, ya tarin da na ji kana yi shekaranjiya a bakin ƙofa? Garin fulawa ne, na sha faɗa maka ka riƙa rufe hanci.

Na ga amsarka. Na dawo na tarar da biredi mai ɗumi a kan wasiƙata, a bayanta ka rubuta "To". Oh ni! Na cika takarda gaba da baya, mutumin nan ya ba ni "To". In ɗalibina ne ya kawo mini wannan amsar, sai ya sake aji. Amma wallahi na yi murna, na zauna a bakin gado na cinye rabin biredin nan ba shayi ba komai.

Na shiga kasuwa. Na saya maka riga mai furanni irin wadda na gani a hotunan, da gajeren wando. Kada ka ce ba ka sawa. Ƙwaurin nan naka da rabonsu da rana tun muna amarci, su ma su ga duniya. Na sayi malafa biyu da takalman roba, da man shafawa da aka ce yana hana rana ƙona mutum. Mai shagon ya ce in ƙara da tabarau, na ce a'a, wanda ya shekara ashirin gaban tanda ba rana ce za ta ba shi tsoro ba.

Akwai abin da ya faru ranar Talata da ban gaya wa kowa ba. Ƙanena ya ba ni lambar otal ɗin ya ce in kira in faɗi irin ɗakin da muke so. Na kira daga ɗakin malamai lokacin tara. Wata yarinya mai ladabi ta ɗauka. Na ce a ba mu ɗakin ƙasa. Na tambayi faɗin ƙofar banɗaki, na tambaya ko akwai matakala daga ɗaki zuwa wurin cin abinci, na tambaya ko da ƙaramin firiji na ajiye magani, ko za su yarda su markaɗa mana abinci. Tana ta amsawa tana rubutawa. Sai ta tambaye ni ko mai keken babba ne ko yaro, don su tanadi wanda zai taimaka a bakin jirgi. Baban Kyaftin, sai a lokacin na ji abin da bakina yake faɗa. Na kashe wayar na shiga banɗakin malamai na yi kukana, na wanke fuska na koma na koyar da lissafi. Ban sake kira na gyara ba, ba zan iya ba. Ɗakin ƙasa za su ba mu.

Na ga hoton fasfo ɗinka a kan talabijin, na gode da ka je. Na daɗe ina kallonsa. Yaushe ka yi furfura haka a gefen kunne? Kullum da hula nake ganinka, kana shiga ko kana fita.

Ka san abin da nake ta tunani? Ba tekun ba. Wai mu kwanta lokaci ɗaya mu tashi lokaci ɗaya. Ko kana minshari ma ban sani ba. In kana yi ka faɗa tun yanzu in nemi auduga. Kuma ina son mu ci kifi a faranti ɗaya ba wanda yake tsaye, ka ba ni labarin mutanen wurin aikinku da nake jin sunayensu ban san fuskokinsu ba.

Af, na ga rigar mai furanni a rataye, ba yadda na ninke ta ba, kuma akwai fulawa a wuyanta. Ban ce komai ba dai.

Allah ya tsare, a dawo lafiya.
Taka,
Malama

Zuwa ga Baban Kyaftin,

Assalamu alaikum. Da fatan kana lafiya, ya aiki, ya ƙafa. Gaisuwar yau gajera ce don raina a ɓace yake.

Yau bayan an tashi na biya gidan biredinku, kai kana gida. Na ce bari in yi wa shugabanku godiya da ya sake ka a lokacin da ciniki ya fi yawa. Ban taɓa shiga ciki ba sai yau. Na ga buhunan fulawa har rufi, na ga dogon teburin da kuke murza ƙulli, na ga tandar nan mai baki kamar ƙofar shago. Wani ya nuna mini ƙusar da kake rataye rigarka. Zafin wurin kaɗai ya sa na ji tausayinka, na ce ashe nan bawan Allahn nan yake kwana.

Shugaban ya karɓe ni da mutunci, ya yi mini gaisuwar Kyaftin har idonsa ya kawo ruwa. Da na yi godiya sai ya ce ai ba komai, ya ba ka hutunka kamar kowace shekara, makon da ake komawa makaranta. Na ce a'a, makon da ake ba da hutu dai. Ya ce shi abin da ka roƙa ke nan, ka shigo ka ce a ba ka hutunka kamar kullum.

Kamar kullum! Haba Baban Kyaftin. Na san inda abin ya samo asali. Tun yaron yana ƙarami muka tsara haka, ni in riƙe shi duk hutun makaranta kai ka sami barcin rana, in an koma kai ka ɗauki naka ka riƙe shi, ni in fuskanci hayaniyar sabon zango. Ba mu taɓa yin hutu tare ba don ba ma so a yi asarar mako guda na mai kula. Amma yanzu wa za ka riƙe? Ni ina tsibiri kana gaban tanda, in na dawo na koma aji kai kuma ka zauna gida ka kalli bango?

Na fito ina huci, har na wuce tashar mota ban sani ba. Amma kafin in iso gida sai na tuna da ni da yarinyar otal, na ce to Malama, wa ya fi wani? Bakina ya yi nasa, naka ma ya yi nasa. Har na yi 'yar dariya ni kaɗai a hanya, wata mata tana kallona. Shi ya sa da ka buɗe mini ƙofa ban ce maka komai ba, na ga idonka ja, na bar ka ka tafi.

Abin bai ɓaci ba. Shugaban ya ce gyara ba wuya, ka same shi kawai ka faɗa da bakinka, don ba ya canza hutun ma'aikaci a kan maganar matarsa, ko da malama ce. Ka same shi yau ɗin nan, kada ka ce gobe. Na riga na sauko da akwatin nan babba daga kan kabad na goge shi, na fara jera kaya, naka a dama nawa a hagu.

Ka gaida abokan aiki, ka ce na ga inda suke shan wahala.
Matarka mai jiran amsa,
Malama

Zuwa ga Baban Kyaftin,

Assalamu alaikum. Ina fatan ka sami barci bayan abin da ya faru da safe. Ya kanka? Ni dai nawa kamar zai tsage. Na shafa maka maganin a ƙafa kana barci kafin in fita, in ka ji sanyi-sanyi shi ne.

Na rubuto ne don da safe ihu na yi, ban yi magana ba, kuma akwai abin da nake son ya zauna a takarda.

Da shugabanku ya gaya mini a waya cewa shi da kansa ya tare ka har sau biyu ka ce a bar hutun yadda yake, sai na ce lallai mu yi magana. Shi ya sa yau ban tafi aji da wuri ba, na zauna na jira ka. Ka shigo ka wuce ni ka shiga ɗakin Kyaftin, ka buɗe taga, ka kaɗe zanin gado, ka gyara filo, ka juya keken ya fuskanci haske. Ashe haka kake yi kowace safiya bayan na fita. Ni kuwa tun ranar ban iya taɓa hannun ƙofar nan ba.

Na ji abin da ka ce, kuma ban manta ko kalma ɗaya ba. Ka ce tun da aka kawo shi daga asibiti yana jariri, gidan nan bai taɓa zama ba kowa ba. Ka ce ba mu taɓa kulle shi daga waje ba, ko kwaɗo ba mu da shi. Ka ce ka san ya rasu, kai ka ɗauke shi da hannunka, ba hauka kake ba, amma duk lokacin da ka yi tunanin juya makulli ka ba gidan baya, sai ka ji kamar ka kulle shi a ciki shi kaɗai, shi da ba ya iya kira. Sai yanzu na gane dalilin da ya sa ranar da taron malamai ya riƙe ni har magariba na tarar da kai zaune a bakin ƙofa da takalmi a ƙafa, ka yi lattin aiki har aka yi maka faɗa. Ni ina ta zaton ni kake jira.

Na ce a kawo ɗan Yayata ya kwana mana a gidan, ka ce Kyaftin ba ya son baƙo. A nan ne na fashe. Na faɗi maganganu, na ce ka zaɓi ɗaki a kan mace mai rai, na ce ni ma na haife shi ai. Na farkon ban janye ba, amma yadda na faɗe shi bai dace ba, ka yafe mini. Kai ba ka ɗaga murya ba, ka ce in tafi in huta, ka riƙe gida, abokin aikinka zai karɓi darenka har in dawo. Wallahi da ka zage ni da ya fi mini sauƙi.

Ina tausayinka har cikin raina. Amma ni gidan nan shaƙe ni yake yi. In na shigo ƙirjina ya yi nauyi, in na kwanta kunnena yana wajen bangon nan yana jiran tari. Kai ba ka iya fita, ni ba na iya zama.

Zan tafi. Ƙanena ya ce ba a ɗaga ranar, kuma ko ana ɗagawa na san ba ranar ce matsalar ba. Na fitar da kayanka daga akwatin na mayar kabad. Tikitinka yana cikin aljihun rigar aikinka, ban ce a soke ba. Jirgin na safiyar Lahadi ne, lokacin ka taso aiki.

Allah ya sanyaya mana.
Matarka,
Malama

Zuwa ga mijina,

Assalamu alaikum. Gaisuwa mai yawa daga nesa, da fatan kana lafiya. Ya ƙafa, ya tari? Kana cin abinci kuwa, ko biredi da ruwan zafi ne tun da na tafi? Wani ma'aikacin kamfanin su ƙanena zai koma gobe, shi zai kawo maka wannan, don na san ko na kira ka a waya gaisuwa za mu yi mu yi shiru.

Na iso lafiya. A filin jirgi na ƙi shiga layi har sai da aka kira sunana a lasifika, ina ta kallon ƙofa. Na gode da ka sauko mini da akwati har bakin titi. Na ga ka tsaya da ƙafa ɗaya a kan dakalin ƙofa kana ɗaga mini hannu, ban yi fushi ba.

Tsibirin ya fi hoton kyau, abin haushi. Da muka sauka daga ƙaramin jirgin sai ga wani dattijo ma'aikacin otal yana jira da katakon gangara keke a kafaɗa, yana tambayar ina mai keken. Na ce masa bai samu zuwa ba. Ya ce Allah ya ba shi lafiya, na ce amin. Ɗakin yana ƙasa, ƙofofinsa masu faɗi, in ka buɗe taga teku ce a gabanka tana ta kai da kawo ba ta gajiya. Da safe masunta suna jan taru suna waƙa, da rana kowa ya shige inuwar kwakwa. Na shiga ruwa har gwiwa da zanina, igiyar ruwa ta kwashe mini takalmi ɗaya, wasu mata suka yi ta dariya, ni ma na taya su. Na ga babban jirgi yana wucewa can nesa, na tsaya har ya ɓace, na yi wa yaronmu addu'a. Kifinsu yana da daɗi, amma kullum sai sun ajiye faranti biyu, in ce su ɗauke ɗaya. Biredinsu kuwa ko kusa, da ka gani da ka kori mai yin sa.

Ga abin da ya sa na ɗauki biro. Tun da na zo nake barci. Ina kwanciya sai safe, ba mafarki, ba farkawa. Shekaranjiya na wuni cur, na ci na sha na yi yawo a bakin ruwa, sai da rana ta faɗi na lura ban tuna da gida ba ko sau ɗaya. Ban tuna da kai ba. Na zauna a kan yashi jikina ya yi sanyi. Na zo nan ne in ga ko da sauran aure tsakaninmu, sai ga shi ina koyon zama ba kai, kuma abin yana zo mini da sauƙi. Ba na son wannan sauƙin, tsoro yake ba ni. Ina sonka, shi ya sa nake gaya maka tun bai yi nisa ba.

Ranar Lahadi zan dawo, amma ba gida zan sauka ba. Gidan Yaya zan wuce, na riga na gaya mata. In na shigo gidanmu na san yadda za a yi, ka buɗe mini ƙofa ka sa takalmi ka fita, mu ci gaba da haka har ɗayanmu ya mutu, ɗayan ya rasa wanda zai karɓe shi.

Na daina roƙonka ka haye teku, na gane na nemi abin da ya fi ƙarfinka. Gidan Yaya mota ɗaya ce daga bakin titinmu. Ka sayi kwaɗo a shagon da ke kusa da mai gyaran keke, ka buɗe wa Kyaftin taga in kana so, ka yi masa sallama, ka kulle gidan ka zo ka ɗauke ni. Mu dawo tare mu buɗe. Ko awa ɗaya ba za ka yi a waje ba.

Hutunka yana farawa ranar da muke komawa makaranta, ka ga kana da lokaci. Kullum in an tashi zan koma gidan Yaya in zauna a falo inda ake jin ƙwanƙwasa ƙofa. Ba zan aiko ba, ba zan kira ba, kuma wannan ce wasiƙata ta ƙarshe. In makon ya ƙare ban gan ka ba, ba zan zarge ka ba, zan san ka gwada.

Ka shafa maganin ƙafarka. Allah ya jiƙan Kyaftin, ya ba ka ƙarfin zuciya.

Matarka har yanzu,
Malama